Iskar da ta Kori Kawu

Shekara ashirin da shida Kawu, wan mahaifiyata, ya yi yana kankare tsatsa da yashi. Kwamfuresa ta turo iska, iska ta kwaso yashi, yashi ya fita ta bakin tiyo ya ci tsatsa da tsohon fenti har ƙarfe ya yi fari tas. A ma'aikatar, Kurma suke ce masa, don ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya, ƙura kuma ta zauna masa a ƙirji.

Na'ura biyu ce a rumfarsa. Akwai tukunya, wadda ake cika da yashi a danna mata iska, ta manyan ƙarafa masu kauri. Akwai kuma akwati mai gilashi da safar hannu, wanda ke zuƙo yashi a hankali. Kawu yakan ƙwanƙwasa ƙarfe da zobensa sau ɗaya, ya san inda zai kai shi.

Shi ya roƙar mini aiki, bayan na shekara biyu ina yawo da takardar digiri. Aka ba ni kula da rumfar, wato na zama ogan kawuna.

A watana na uku aka kawo murafen alminiyam ɗari biyu, sirara. Manaja ya ce kwana biyu ya ba mu.

"Akwati, ƙarfin iska arba'in," in ji Kawu. "Kwana biyar."

Na ce, "Tukunya, Kawu, casa'in. Na duba takardar ƙa'idar aiki."

"Ranka ya daɗe injiniya, takardar ta taɓa riƙe tiyo? Wannan ai kwano ne, ɗan nan. Lanƙwashewa zai yi."

Leburori suka fashe da dariya. Kunya ta kama ni, na ɗaga murya na ce casa'in na ce. Ya dube ni, ya dube su, ya je ya murɗa iskar. Sai daga baya na gane shafin da na duba na baƙin ƙarfe ne mai kauri.

Da rana aka jera sittin da muka gama. Ko ɗaya bai zauna daidai ba, duk sun kumbura a tsakiya, gefuna sun tashi.

Manaja ya zo ya ce, "Wa ya murɗa iskar nan?"

"Ni ne, yallaɓai," in ji Kawu. "Tsufa ne."

Ina tsaye a wurin. Na bar Kawu ya ɗauki laifina. A ranar aka sallame shi.

A bakin ƙofa, da takalman aikinsa a leda, ya ce mini, "Ka ja bakinka ka yi shiru. In an kore mu tare, me zan ce wa uwarka?"

Wuri uku ya je neman aiki. Suna jin tarinsa sai su ce za su kira shi. Yanzu a ƙofar gida yake wuni, kan benci, yana kallon motoci.

Bayan sati uku da korarsa na kasa jurewa, na shiga ofis na faɗa wa manaja gaskiya duka. Bai ko ajiye biro ba. Ya ce tun ranar ya sani. Mai digiri suke bukata a rumfar saboda masu zuwa bincike, tsoho mai tari kuwa dama hanyar sallamarsa ake nema kafin ya kwanta musu.

Ya ce in koma bakin aikina. Na koma. Ban faɗa wa Kawu ba.