Manorama, Mai Dafa Launin da Ba a Shafa Mata

Duk safiya a watan Fagun na kalandarmu ta Indiya, kafin mai madara ya fara kaɗa ƙararrawar kekensa, Malama Manorama Dube ta riga ta bi hanyar bayan gari da buhu a kafaɗa. Bishiyoyin tesu sun zubar da furensu ja kamar garwashi, tana tsinta tana karkaɗe ƙasa. Daga nan ta wuce makarantar firamare ta garinmu, ta shanya furen a kan rufin aji, ta wanke hannu, ta ɗauki alli. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana koya wa yaran garin nan Holi, bikin watsa launi. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma na ji jawabin da shugaban makaranta ya shirya mata: wai mace ce mai zuwa aiki a kan lokaci. Iyakar abin da suka gani ke nan. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ku tambayi Gajendra mai kemis. Bai manta shekarar da aka cika kasuwa da hodar launi mai arha wadda aka cuɗa da garin kwalba ba. Ya ce wuni ya yi yana wanke idanun yara har ruwan maganinsa ya ƙare, kuma akwai wanda har yau idonsa na hagu dishi-dishi yake gani. Manyan gari suka ce tsautsayi ne, suka koma shan shayinsu. Da shekara ta zagayo, Manorama ta girka babbar tukunya a filin makaranta. Masu wucewa suna tsokana, wai Malama ta buɗe gidan abinci ne, a zuba musu na rupi biyu. Ita dai ta ci gaba da aikinta. Ta jiƙa furen tesu ya kwana, ruwa ya fito jawur, ta haɗa kurkum da garin wake ya ba da rawaya, ta daka lalle ya ba da kore. Tun daga ranar ba a sake kai ɗan makarantar nan wurin Gajendra saboda Holi ba.

Ku tambayi Mumtaz Ali tela. Wata shekara bikin ya faɗo ranar Juma'a, ya fito fes cikin fararen kaya zai tafi masallaci, sai ga tarin yara a lungu, kowa da bindigar ruwa. Ya riga ya sallama rigarsa. Sai ƙaraminsu ya matso ya ce, "Kawu, a zuba?" Ya ce sai bayan salla, suka dare masa hanya. Da ya idar ya je gida ya sa tsohuwar riga, ya dawo lungun ya tsaya ya ce ga shi, su yi abin da suka ga dama. Wannan tambayar koyarwar Manorama ce. A garin da ƙato zai damƙi yarinya ya mulka mata launi ya ce ai Holi ne, ita ta kafa wa yara doka: a tambaya tukuna, kuma abin da aka amsa shi ne.

Manorama-ji, ke ce mai zaunar da su ki ba su labarin Prahlad, yaron da wuta ta ƙi ci, ki ce musu idan launi ya rufe fuska ba a gane ɗan malamin ibada da ɗan mai gyaran takalmi, Holi na kowa ne. Ni ma na gaskata ki, har zuwa bara.

Bara aka turo ni makarantar nan koyarwa. Ranar da yara ke wasan launi, wato jajibirin bikin, na duba fili ban gan ta ba. Na hau bene na same ta a sito, tsakanin karyayyun kujeru, tana leƙen fili ta taga. Farin sarinta ko ɗigo babu. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa ta ɗaura gora a jikin ludayinta ya yi tsawo: don kada ruwan tukunya ya fantsamo mata. Mijinta ya rasu tun shekara ta biyu da aurensu, kuma a wurinmu matar mamaci ba ta sa launi, ba a shafa mata, takabarta ba ta da ranar fita. Matar da ta dafa wa garin nan launi shekara da shekaru, ba a taɓa shafa mata ko da ɗan yatsa ba.

Na sauko na tari shugaban makaranta, Badri Narayan-ji. Yana tauna ganyen pan ya ce ai ba wanda ya kulle ta, da hannunta take sa sakata, kuma ni yarinya ce mai digirin birni, jinina zai huce. Malamai suka yi dariya, ɗaya ya miƙo mini gujiya, soyayyen kayan zaƙin Holi, wai in danne zuciya. Mutanen nan duk sun yi karatu. Kowace shekara suna ganin ta tana hawa benen nan, suna matsa mata hanya.

Ita kanta da na koma, cewa ta yi, "'Yata, rage murya." Ta gaya mini ɗaki guda take zaune a gidan yayan mijinta, Kedarnath. Iyayenta sun rasu, ba ta da ɗa. Ranar da ta shiga gidan nan da tabo a sarinta, ranar za a fitar mata da akwati. Ni kuwa ba ni da ɗakin da zan ba ta.

Bana akwai wata yarinya a aji uku, Gunjan, wadda wutar lantarki ta kashe mahaifinta da damina. Uwarta Sarita ko talatin ba ta kai ba, an riga an sa mata fari. Ina bakin ƙofar aji lokacin da Manorama ta kai wurin nan da take cewa Holi na kowa ne. Gunjan ta ɗaga hannu.

"Malama-ji, har da mamata?"

Manorama ta ajiye allin da ke hannunta. Sannan ta ce za ta ba ta amsa ranar wasa, ta kuma ce yarinyar ta gaya wa uwarta ta zo ɗaukarta da kanta.

Ranar wasan, fili ya cika da iyaye, ana ganga, Kedarnath na zaune a sahun manya don yana cikin kwamitin makaranta. Sarita ta tsaya can bakin ƙofar shiga, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai ga Manorama tana saukowa daga bene. Mai ganga ne ya fara ganin ta, hannunsa ya tsaya. Ta jawo kujera tsakiyar fili ta zauna, ta kira Gunjan. Yarinyar ta zo da hoda ruwan hoda a tafinta, ta ce, "A shafa?" Ta sunkuya za ta sa a ƙafa, yadda yara ke yi wa manya.

"Ba a ƙafa ba," in ji Manorama. Ta nuna kumatunta. "Nan."

Gunjan ta shafa mata, hodar ta zubo kan farin sarin. Kedarnath ya miƙe. Tun da aka kawo ta gidansu bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, al'ada ba ta yarda ba, don haka shugaban makaranta ya fuskanta, ya ce a gaya mata ƙofar gidansa ba ta buɗuwa ga irin wannan. Ita kuma ta dubi yara ta ce su gaya masa ta ji. Ta ɗebi hoda, ta ratsa taron nan da ya yi tsit, har bakin ƙofa wurin Sarita, ta yi mata tambayar da ta koya wa dubban yara. Sarita ba ta buɗe fuska ba. Can ta fito da tafin hannunta daga cikin mayafi. Manorama ta zuba mata, Sarita ta dunƙule abinta.

Kafin rana ta faɗi akwatinta na bakin titi. Mumtaz Ali da Gajendra ne suka ɗauko shi a keke. Yanzu a siton nan take kwana, inda ta yi shekaru tana leƙen fili, kuma ƙarshen wata za ta miƙa makulli. Kwamitin makaranta ya zauna a kan maganar, abin da ya fito da shi shi ne za a saya mata agogon bango. Agogon bango, ga matar da ba ta da bango.

Manorama-ji, uwar tukunyar tesu, mun gode. Ke ce kika tsare idanun 'ya'yanmu, ke ce kika koya musu tambaya kafin taɓawa, kuma da yarinya ta tambaye ki gaskiya ba ki ba ta ƙarya ba, alhali kin san abin da amsar za ta ci miki.

Ku kuma mutanen garin nan, da wuya a sami gidan da ba wanda ya zauna a ajinta. A kowane lungu akwai mace mai farin sari a bayan taga. Baɗi ku ƙwanƙwasa, ku tambaye ta, ku karɓi abin da ta amsa. Amma maganar Manorama ba ta jiran baɗi. Ranar Asabar za a yi mata ban kwana. Za ku gane ta, sarin nan take sawa kullum, ta wanke shi tabon bai fita ba, ba ta kuma sake gwadawa ba. Ku zo. Furen ratayawa a wuya zai yi yawa a wurin, kada ku ƙara. Wani ya zo da makullin ɗaki.