Digirin da Na Zaɓa Don Rufe Bakin Mutane

Lokacin da abin nan ya faru ni matashin likita ne, ban jima da dawowa daga ƙasar waje inda na yi karatu ba. Na ci jarrabawar samun lasisi, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Maiyama. Abokan aikina da suka yi karatu a gida suka laƙaba mini suna likitan littafi, wai a can ba a barinmu mu taɓa majinyaci. Nakan yi dariya, amma maganar tana ci mini rai.

Ni ɗan manoman albasa ne daga Kashin Zama, kuma yayana ne ke riƙe da gonarmu tun rasuwar mahaifinmu. Duk rani ana kawo mana manoma asibiti suna amai, yawu na dalala, numfashi na sarƙewa, bayan sun yi feshin maganin ƙwari. Na san dalili. A wurinmu in bakin famfon feshi ya toshe, da baki ake hura shi. In maganin ya bugi mutum kuwa, sai a ɗura masa manja a jira ya yi amai, ba a nufar asibiti sai abu ya ci tura. Yayana ma haka yake yi. Na yi masa magana, ya ce tun ina firamare yake feshi, ga shi garau. Nan na gane nasihar tsaye ba za ta cece shi ba, sai an zauna da manoma gona-gona.

Shi ya sa na nemi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma wuri biyu suka ɗauke ni. Ɗaya jami'a ce a nan gida, ana karatun ana aiki, kuma dole ɗalibi ya yi bincikensa cikin jama'arsa. Malamar da ta tantance ni ta ji batun feshi, ta ce in na zo za mu fara daga yankinmu na Aliero a wannan ranin. Ɗayar kuwa makaranta ce mai suna a Turai, darussanta kan tafiyar da manyan asibitoci irin nasu. Na karanta jerin darussan, na ga babu abin da ya shafi gonar albasa. Duk da haka na zaɓe ta, don ina son takardar da za ta rufe bakin masu yi mini dariya. Na ce wa kaina shekara kwana ce, feshi zai jira ni.

Bai jira ba. Ina can ina rubutu kan daɗewar tsofaffinsu a layin ganin likita, aka bugo mini waya. Yayana ya hura famfo da hantsi, maganin ya koma masa baki, ya faɗi cikin fangalin albasa. Aka ɗura masa manja, ya shaƙe shi. Sai bayan azahar aka ɗora shi a babur zuwa Jega, kuma ko da suka isa rai ya yi halinsa. Ban samu jana'iza ba.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma ba na cewa da ina nan da lalle ya rayu. Amma na san inda ya kamata in tsaya a ranin nan, na ƙi. Da na dawo na nuna wa Inna takardar, ta juya ta a hannu, ba ta iya karatu ba, ta ce, "Ɗan nan, karatun ga da kay yo, shina da maganin abin da yak kashe yayanka?" Na sunkuyar da kai na ce babu.

Ban ce karatun waje aibu ba ne, wani shi ne daidai da shi. Amma ƙannena likitoci, musamman waɗanda suka yi karatu a waje ake yi musu gori, kafin ku duba sunan makaranta ku duba darussanta, ku tambayi kanku ciwon wa za su warkar. Masu gori ba sa ƙarewa, ni ma yanzu likitan Turai suke ce mini. Ina zagaya gonaki ranar da ba ni da aiki, manoma suna saurarena, amma na san ba takardata suke ji ba. Sun san wanda aka binne.