Raɓa, Autar Damina

Na yi yawon duniya gwargwadon abin da Allah Ya nufe ni da shi. Na yi fataucin goro a Kumasi, na zauna Abijan har Faransanci ya kama bakina, na ratsa Kartum a hanyar Makka tun zamanin da ake haɗa tafiyar da mota da ƙafa. Duk inda na sauka nakan tambayi mutane sunayensu da dalilinsu. Asantawa ranar haihuwa suke bi, kamar yadda muke da Ladi da Talatu. Bayarabe yakan ɗora wa ɗansa addu'a sukutum, sai ka ja numfashi kafin ka kai ƙarshenta. Fulani kuwa lissafin wanda ya riga wani zuwa suke yi. Amma duk inda na ce sunan yayata Raɓa, sai a ce in maimaita. Ko a zangon Hausawa, inda ba a rasa Nomau da Shibkau da Anaruwa, ban taɓa gamuwa da ta biyu ba. A iya sanina mace ɗaya ce take amsa sunan a kowane zamani, kuma ta gidanmu ce.

Gidan namu yana wani ƙauye na ƙasar Bungudu. Idan ruwa ya ɗauke, sanyi ya fara leƙowa, Kaka takan hura wuta da kirare a ƙofar ɗakinta da zarar an gama cin tuwo. Ta tura ɗanyar gyaɗa cikin toka, ta ɗauko mazarinta da auduga, mu kuma mu kewaye ta. Hayaƙi yakan miƙe sak, kamar zaren da take kaɗawa ne ya zarce sama. Daga bayan danga ƙanshin ganyen wake yana shigowa. Har yau ban iya tuna fuskar Kaka da rana; kullum rabinta ja ne saboda wuta, rabinta duhu.

Wata rana Yaya Raɓa, tana 'yar budurwa a lokacin, ta dawo daga rafi idanunta sun kumbura. 'Yan mata sun yi mata waƙa, wai ta yi sauri ta cika tulu kafin rana ta fito ta ɓace. Da muka zauna bakin wuta sai ta ce daga yau kowa ya kira ta da sunanta na yanka, Hauwa'u, wancan kuwa ta yar da shi.

Kaka ba ta ɗaga kai daga kaɗinta ba. Ta ce, "To madalla."

Can an jima ta ce, "Hauwa'u, turo karan nan cikin wuta."

Yaya ta ci gaba da kallon garwashi.

"Hauwa'u."

Sai da na mintsine ta sannan ta yi firgigit. Muka tuntsire da dariya, ni har da birgima.

Kaka ta ce mini, "Kai mai gidana, rufe bakin nan kada hayaƙi shi cika shi. Miji ba cefane sai dariya." Ta juya wajen Yaya. "Ke kuma mai sabon suna, matso. Ga wata nan tahe da sanɗa, ku ba ta hanya."

Muka ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Wai Damina tana da 'ya'ya mata uku. Babbar ita ce Marka, wadda in ta zo baƙunta sai ta kwana tana zuba. Mai bi mata Yayyafi, 'yar kwalliya, mai tafiya da rangwaɗa. Sai autarsu, Raɓa, wadda aka haifa ba murya. Yayyenta in za su sauko ana yi musu kiɗan tsawa, ana haska musu hanya da walƙiya. Ita kuwa ba mai yi mata ko tafi.

Wata shekara Damina ta naɗe kayanta da wuri, ta kama hanyar gida da 'ya'yanta. Sun yi nisa sai autar ta ji kuka a ƙasa. Wata tsohuwa ce zaune a gonar wakenta. Wake ya yi fure, ƙasa ta bushe, ga surukarta da tsohon ciki, rumbu kuma ba komai. Raɓa ta ja zanen uwarta, uwar ba ta waiwaya ba. Sai ta saki zanen, ta sulale ta dawo ita kaɗai. Ba ta da tulu, ba ta da ƙwarya. Tafin hannunta kawai take jiƙawa a bakin gajimare, ta sauko ba takalmi, ta bi ganye ɗaya-ɗaya tana shafawa. Kafin rana ta fito ta gudu, don kunya gare ta.

A nan Kaka takan rage murya ta yi waƙar, mazari yana juyawa:

"Ganye, ganye, kar ka faɗi,
Ban da tulu, hannu gare ni,
In an tambaye ka wa ya zo,
Ka ce iska ta wuce."

Wake ya yi 'ya'ya har yana rinjayar kara. Mutanen gari suka ce albarkar Marka ce da ta rage a ƙasa. Tsohuwa dai ba ta yarda ba. Ranar da aka haifa mata jika ta fita gona da jijjifi, ta laɓe a gindin kuka, sai ga yarinya fara sol kamar hazo tana tafe tana sunkuyawa. Tsohuwa ta yi wuf ta kama hannunta. Yarinyar da ba ta taɓa magana ba ta buɗe baki ta ce, "Sake ni, Inna, rana na tafe. Ba ni da abin da zan bar miki sai sunana." Tsohuwa ta duba, ba kowa, sai tafinta sharkaf da ruwa. Ta dunƙule hannun ta koma gida, ba ta gaisa da kowa a hanya ba, ta buɗe shi a kan goshin jaririya.

Kaka ta ce, "Ta tahi, kada wanda ya bi ta. Tun daga nan sunan ga yake hannunmu. Ni anka ba, ni kuma na ba ki da hannun nan." Ta ɗaga hannun, alli fari fat a yatsunta.

Yaya ta ce, "To in na mutu fa?"

"Ba a mutuwa da shi. In kinka ji ƙafa ta fara nauyi, ki nemi ɗiyar da anka haifa bayan ɗaukewar ruwa, kafin a yi roron wake. Ranar suna ki jiƙa hannu a gona ki ba ta. In ba ki samu ba, shi ke nan, ya koma wajen uwarshi."

Yaya ba ta sake zancen Hauwa'u ba. Ta yi aure a Tsafe da sunanta, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki. Sai dai duk macen da aka haifa a zuriyarmu, ko ta zo da bazara, ko tsakiyar marka, ko bayan an kai amfanin gona gida. Yaya ta yi ta jira har gashinta ya yi fari, har ta fara dogara sanda.

Ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiha, na ajiye tafiye-tafiye na zauna Gusau wajen ɗana Sani, wanda yake aiki a sakatariya. Bara waccan, ruwa ya ɗauke ke nan, matarsa Asma'u ta haifi mace. Tun kafin kwanan suna sai ga Yaya ta sauka daga motar Tsafe, tana haki, da ƙullin kayanta.

Sani ya durƙusa gabanta yana sosa ƙeya. "Gwaggo, ki yi haƙuri. Yarinyar nan sunan mahaifiyar Asma'u za ta ci, an riga an ce Ummi za a riƙa kiranta. Kuma makaranta za ta shiga. Kin san yara."

"Na san yara, tun ba a haifi ubanka ba," in ji Yaya. Ta dubi Asma'u, Asma'u ta sunkuyar da kai. Yaya ta ce, "Ba komai, ɗiyata. Uwa ta fi raɓa."

Ta fito tsakar gida ta zauna kan tabarma, hannuwanta biyu bisa gwiwa, a buɗe. Na zauna kusa da ita.

Maƙwabciyarmu Saratu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta ne. Ita ma ta haifi mace a makon. Katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, ta ji komai. Da la'asar sai ga ta da jaririya a kafaɗa. Ta gaishe mu, ta zauna, ta sa Yaya ta ba ta labarin tun daga farko, har waƙar.

Sannan Saratu ta ce, "Mama, na yi magana da maigidana. Muna da Godiya, muna da Murna. In ba laifi, ki ba tawa."

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ko waken kin taɓa rora?"

"Mama, a gona aka haife ni. Kwando nawa kike so?"

Yaya ta yi murmushi, ta gyaɗa kai. Da Saratu ta tafi na ce, "Yaya, ba jininmu ba ce, ba addininmu ɗaya ba."

Ta ce, "Na ji. Tsohuwar nan da ta kama hannunta, 'yar'uwarta ce?"

Akwai wani fili bayan gidajenmu da ba a gina ba tukuna, wani mai gadi ya watsa wake a ciki. Ranar da za a kai jaririyar coci a sa mata suna, bayan sallar asuba, na riƙe wa Yaya sanda muka shiga. Gari ya yi fari-fari, ana jin babura daga nesa. Ta sunkuya da ƙyar, tana bin ganye da tafinta, bakinta yana motsi. Ta dunƙule hannu. Mai gadin ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Saratu tana tsaye a ƙofar gida da jaririya, Yaya ta buɗe hannun a kan goshinta. Da sanyin ya taɓa goshin jaririya ta yamutsa fuska, ta yi atishawa, ta koma barci.

Washegari na raka Yaya tasha. Ta shiga mota, na leƙa ta taga na ce, "Yaya Raɓa, a gaida gida."

Ba ta juyo ba. Na sake faɗi.

Ta ce, "Wa kake kira? Tana can tana shan nono. Ni Hauwa'u ce."

Sai a ranar na gane dalilin da ban taɓa jin ko tsofaffin ƙauyenmu sun kira Kaka da sunan ba. Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar tana koya mana yin alheri a ɓoye ne, kuma na sha faɗa wa mutane haka a zango. Yanzu ina ganin abin da ke cikinta ya fi wannan wuya. Abin da ka fi so ya rayu, sai ka yarda ya bar hannunka gaba ɗaya, ya tafi gidan da ba kai ka zaɓa ba. Yarinyar ta fara tafiya yanzu. Jiya ta shigo gidanmu da rarrafe da gudu, ta kama gemuna da hannu biyu, ni dattijo na sunkuya na ce mata, "Sannu da zuwa, Yaya."