Akwatin da Iya Take Zama a Kai

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Iya a kan kujera ba. Iya kakata ce, ita ta haifi babana. Gidanmu a gindin duwatsun Dutse yake, kujeru 'yan tsugunno sun fi kajin gidan yawa, amma ita sai kan wani dogon akwati na icen ƙirya, baƙi wuluk, mai nauyin jaki biyu har da mai korar su. In an ci tuwo bayan magariba, mu jikoki shida ne muke jawo mata shi bakin wuta, muna nishi kamar masu haihuwa. Ta zauna, ta tura karan dawa cikin wuta, ta harare ni.

"Kai mijin banza, ko goro ba ka kawo mini ba, kuma kai ne a gaba."

"Iya, ai sakinki zan yi. Ba haƙora, me zan yi da ke?"

"Sake ni mana, in ga wadda za ta kwashi wannan kan naka kamar tulu."

Tatsuniyoyinta duk na Gizo ne da Ƙoƙi, sai guda ɗaya. Ita wannan ba ta fara ta kamar sauran. Sai dai ta buga akwatin da tafin hannu ta ce, "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya tafi ɗakin uwarsa." Da ta faɗi haka, babana, in yana kusa, sai ya tashi ya ja ƙafarsa ya yi zaure. Ƙafarsa ta hagu a murɗe take, an ce mana daga kan dabino ya faɗo yana yaro.

Wai an yi wani maharbi, Mai Kunnen Ƙashi. Yana da harba-ka-ruga, irin bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Matarsa in ta yi zazzaɓi sai ya ce ta sha sabara, amma bindiga in ta yi tari sai ya kwana yana shafa ta. Da Nasara suka ci ƙasa, aka yi shela duk mai bindiga ya miƙa ta. Maharbi ya ce ai gara ya miƙa wuyansa. Ya shiga daji ya sari ƙirya, don ita ce gara ba ta iya ci. Kwana arba'in yana rarake ta da gizago, ya sassaƙa murfi, ya je wurin maƙeri aka buga masa ƙusoshi. Akwati ya fito, ko ƙuda ba zai sami ƙofar shiga ba. Saura abin da za a shimfiɗa a ciki.

A nan Iya take canza murya. "Matar ta ce, Maigida, ga zanena na saƙi, ya tsufa, ya yi laushi. In jiƙa shi da man kaɗanya mu naɗe ta. Haka nake yi wa wuƙata da allurata, damina ba ta taɓa su." Sai ta kumbura kumatu ta yi muryar maharbi: "Ke! Bindiga ce ko jaririya? Tsumman mace a jikin bindigata? Kina so ta riƙa ƙamshin miya?" Mu kuwa mu faɗi muna birgima. Ni ne ma nake ƙara gishiri, ina tafiyar maharbi da ciki a gaba.

Ya gwada audugar rimi, ya ce ta talakawa ce. Ya gwada buzu, ya ce bindiga ba malami ba ce. Ya taka har Ringim ya sayo jar fata daga hannun majema, sabuwa fil, irin wadda ake yi wa sirdi ado. Matar ta sansana ta ce, "Wannan bagaruwar jima ba ta gama fita ba, kuma fata tana shan raɓa. Ka taɓa ganin inda bagaruwa ta bar ƙarfe lafiya?" Ya ce mace ba ta san ƙarfe ba sai na murhu. Ya manne fatar, ya kwantar da bindiga kamar amarya, ya haƙa rami a ƙarƙashin rumbu ya binne.

Damina huɗu ta wuce. Wata rana da almuru kura ta sauko daga dutse, ta shigo ta bayan danga. Awaki ta zo nema, sai ta tarar da ɗan maharbi, ɗan shekara uku, yana tsugunne. Ta cafki ƙafarsa. Uwa ta yi kururuwa, maharbi ya yi rumbu da gudu, ya tona, ya ɓalle murfi. Fata tana nan ja jawur, sai sheƙi. Bindiga kuwa ta zama garin tsatsa, ya ja kunamarta ta karye a hannunsa. Uwar ce ta zaro itace mai wuta daga murhu ta cusa wa kura a ido.

"Iya, yaron ya mutu?"

"Bai mutu ba."

"To maharbin fa?"

"Shi ma bai mutu ba. Ya ci tuwonsa, ya ce laifin damina ne."

Sai ta miƙe ta ce a mayar mata da akwati. Kullum ni ne mai ƙorafi: "Iya, ba ki ce ƙurunƙus ba!" Don kowace tatsuniya da shi take rufewa, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Wannan kuwa sai ta ce, "Bakina ya gaji."

Ina da gemu Iya ta rasu. Da aka zo fitar da kayanta, ni sarkin karambani na sa wuƙa na ɓalle murfin. Ga jar fata nan, har yau da kyanta, a tsakiyarta shatin bindiga baƙi, tun daga baki har gindi, kamar an zana da tawada. A gefe ga wani tsohon saƙi a ninke, yana warin man kaɗanya. Cikinsa allura ce guda ɗaya, tana ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta.

Na ɗaga kai, babana yana tsaye a bakin ƙofa, ya dogara da sandarsa. Na ce, "Baba, ashe ba dabino ba ne?"

Ya ce, "A gidan nan wa ya taɓa hawa dabino?"

Shekara nawa ina tafiyar maharbi da ciki a gaba, ana tafa mini, mutumin da kura ta tauna yana zaure yana jin dariyarmu. Kakana ya mutu ana kiransa jarumi, har yau in an ambace shi sai an ce Allah ya ji ƙan maza. Ita kuwa da ta san maganin tsatsa, ta kuma kori kura da itacen tuwo, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Sai ta hau kan akwatin ta zauna shekara da shekaru, tana faɗa wa yara, don su kaɗai ne suke sauraronta, su ma don dariya.

Yanzu jikokina suna cewa in yi musu ta maharbi. Ina yi, har muryar ina kwaikwaya. In na kai ƙarshe suka ce, "Kaka, ba ka ce ƙurunƙus ba," sai in ce su je su kwanta.