Yayana Da Aka Ɗauka Mai Bugun Ƙasa Ne

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Sani. A jami'a Farfesa suke ce mishi, mu a Kankara har ya koma ga Allah Yaya ne. Abin da ya taso mini da shi bana, jikata Rabi ce ta samu gurbin karatun fiziks irin nashi, ubanta kuma, ɗana Lawal, ya ce ba za ta ba.

Ni firamare kawai na yi, amma kunnena ba ya yar da magana. Fiziks ɗin Yaya ba na kwalabe da wayoyi ba ne, duk a ka yake, sai alli da allo. Na taɓa tambayarshi me yake nema haka. Ya ce, "Hajo, akwai abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, tafiyarshi nake bi." Na ce to, Allah ya sa a cim mishi.

In ya zo hutu da kaka mukan je gonarmu ta Pauwa. Ana yankan dawa, shi yana tsugune gindin ɗorawa yana zane a ƙasa da tsinke, ya shafe da tafin hannu, ya sake. Nan fa zance ya bazu wai ɗan Malam Idi ya zama mai duba. Wata tsohuwa ta taso tun daga Mairuwa da zakaranta a hammata, a duba mata wanda ya sace mata akuya. Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Iya, lissafina bai san akuya ba." Ta tafi tana cewa rowa ce. Babanmu Malam Idi kam bai yi dariya ba, sai da liman ya sa baki sannan ya koma amsa gaisuwar Yaya.

Yau gonar ba ta zuwuwa saboda 'yan bindiga. Da yana raye, ban san yadda zai ji ba.

Tsoron Lawal shi ne tsohon zancen nan. "Inna, so kike a sake kiranmu gidan 'yan duba? Ta yi aikin jinya mana, ko ke kya amfana."

Littattafan Yaya suna nan, ko layi ɗaya ba na iya karantawa. Abin da ya bar mini daban ne. Na ce da Lawal, "Duk shirmen tambayoyina, kawunka bai taɓa ce mini ba zan gane ba. Kai ne za ka ce haka da ɗiyarka?"

Ran Asabar dai shi ya ɗaukar mata akwati zuwa tasha.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinshi.