Manzanni Uku a Ƙofar Mai Ginar Rijiya

Darasin fushi da lallashi na koye shi ne a wurin mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba. Shi ne diraktan lakwal ɗin, wato shugaban makarantar bokon, da aka fara tura ni koyarwa, a wani gari tsakanin Dogon Dutsi da Matankari, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa. Ƙaramin malami ne ni a lokacin, ina riƙe da ajin 'yan farko, ina kuma shirin jarrabawar da za ta mai da ni cikakken mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal. Ran Alhamis ba a karatu, saboda haka bayan azahar nakan ɗauki kujera in je barandarsa ya yi mini darasi.

Dirakta Ba'are ne kamar ni, wato ɗan ƙabilar Arawa, tsagar kumatunsa irin tawa ce. Ya yi karatu a Senegal, ya dawo da farar hular rana da wata ɗabi'a da har yau ban ga irinta ba. Idan zai yi magana da mutanen gari, da Faransanci yake yi, ni in fassara. In na gama kuma sai ya gyara mini Hausar.

Littafin da muke karantawa doguwar waƙar yaƙi ce ta mutanen Girka na dā, an juya ta zuwa Faransanci. Runduna ta kewaye wani birni shekara da shekaru. Sarkin rundunar ya ƙwace wa babban jaruminsa rabonsa na ganima a gaban kowa. Jarumin ya ajiye makamai ya zauna a bukkarsa, abokan gaba suka yi ta karkashe mutanen sarki. Dirakta yana son waƙar ƙwarai. Yakan miƙe tsaye ya karanta, hannu ɗaya a baya, ya ce a nan ne ɗan Adam ya fara fahimtar zuciyarsa, mu kuwa muna can muna yanka wa iskoki kaji.

A wannan bazarar ake gina mana rijiya. Kafin nan yaran lakwal ke ɗebo ruwa daga rijiyar gari, tafiya mai nisa cikin yashi. 'Yan ajina su ne ƙanana, sukan dawo da tulu a ka bayan rana ta ɗaga, rigunansu a jiƙe, su kifa kai a tebur su yi barci. Rabin safiya ke nan ta tafi kullum. Da kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya yarda a haƙa rijiya cikin filin lakwal, ban san wanda ya kai ni murna ba.

Mai ginar wani dattijo ne cikin azna, masu bin al'adar kakanni, kuma gidansu ne ya gina yawancin rijiyoyin wannan yanki. Shi da 'ya'yansa biyu suka yi ta aiki da dagi da kwando da igiya har suka kai gaba goma sha huɗu, yashi ya fara fitowa da danshi. A al'adarsu, a nan ake tsayawa. Mai gina zai kawo baƙin bunsuru daga garkensa, ya yanka a bakin ramin don doguwa, iskar da ke wurin, a raba naman ga duk wanda ya ja igiya. Sannan a fasa ruwa, a ɗaure cikin rijiyar da itace tun daga ƙasa har baki. In ba a ɗaure ba damina ta sauka, yashin zai rufta, aikin ya tashi a banza. Kowane yaro a garin ya san wannan. Dirakta ma ya sani, don a gidan da aka haife shi haka ake yi.

Ran da aka kawo bunsurun, dirakta ya fito da hularsa, ya sa aka tara yara duka. Ya yi jawabi a kan duhun kai. Ya ce filin lakwal na Faransa ne, babu iskar da ke da gida a cikinsa. Sannan ya umarci mai gadi ya kwance dabbar ya kai madafa. Ni na fassara, kalma bayan kalma, a gaban dattijon da 'ya'yansa da yara sama da yadda zan iya ƙirgawa. Washegari yaran suka ci miyar nama. Hantar kuwa barandar dirakta aka kai ta.

Dattijon ya naɗe igiyarsa, ya saɓa dagi, ya fita, 'ya'yansa na biye.

Mako biyu rami yana nan a buɗe. Aka kira wani mai gina daga Dogon Dutsi. Ya leƙa, ya dubi sawun dagi a jikin bangon, ya tambayi ko aikin wane ne. Da aka gaya masa, sai ya nemi ruwa ya sha ya koma garinsu. Da yamma kuma an fara ganin hadari yana taruwa a gabas yana watsewa.

A wannan Alhamis ɗin muka iso wurin da sarkin Girkawa, ganin rundunarsa za ta ƙare, ya aika manzanni uku ga jarumin da alkawarin kyautai masu yawa. Dirakta ya raba mini jawaban a allo. Na farko mai wayo ne, ya jera kyautai da dalilai. Na biyu tsoho ne da ya yi renon jarumin, ya nemi taɓa masa zuciya. Na uku ƙaton mayaƙi ne, ya faɗi tasa a taƙaice ba ado. Ya ce duk wani lallashi a duniya cikin waɗannan uku yake. Na tambaye shi to me ya sa jarumin ya ƙi. Ya ce girman kai ne da ya wuce iyaka, shi ne ciwon masu ƙarfi marasa ilimi.

Ni abin da na gani daban ne. Sarkin yana zaune a bukkarsa, tsakaninsa da jarumin tafiyar da ba ta kai ta shan fura ba, amma bai tashi ba. Wulaƙancin da bakinsa ya yi, haƙurin kuma da bakin wasu. Ban faɗa ba. Sa hannunsa nake bukata a takardar jarrabawa.

Yana goge allon sai na ga ya tsaya, fuskarsa ta yi haske kamar wanda ya tsinci abu. Ya ce gobe za mu gwada.

Ya raba mana matsayi kamar masu wasan kwaikwayo. Ni ne mai wayo, ya ba ni takarda da jerin kyautai: buhun shinkafa, turmin yadi, kan sukari biyu, da alkawarin zai ambaci dattijon a rahotonsa ga kumandan. Tsohon kukun lakwal, wanda suka tashi unguwa ɗaya da mai ginar, shi ne mai taɓa zuciya. Mai gadi, tsohon soja, shi ne ƙaton. Na ce wa dirakta a hankali ko da zai taka da kansa, gidan ba nisa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in sake karanta babin, sarki bai je ba.

Dattijon ya karɓe mu da kyau. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi, aka dama fura. Maƙwabta suka taru a bakin darni. Na buɗe takarda na karanta jerin da ƙarfi, kamar yadda aka umarce ni, ina sane da cewa a garinmu ba a ƙirga wa mutum kyauta a gaban jama'a sai in ana so a nuna an saye shi. Kuku ya tuna masa yadda suka yi kiwon awaki tare, ya yi ta kewaye har ya manta abin da ya kawo shi, ya koma labarin wata shekarar fara. Mai gadi ya ce shi bai iya dogon zance ba, aikin gwamnati ne, a zo a gama.

Dattijon ya jira muka ƙare. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, ka iya karatu. Shi wanda ya aiko ku, ƙafa tai ciwo?"

Na ce a'a, Baba, lafiyarsa lau.

"To madalla. Ku gaishe shi. Ku ce shinkafa ta gode, mu masu cin gero ne."

Da muka kai rahoto, dirakta bai ji haushi ba. Daɗi ma ya ji. Ya ce ka gani, daidai kamar a littafi.

Wanda ya kusa gyara al'amarin bai taɓa shiga lakwal ba. Wani Bafillace ne da matarsa ke kawo mana nono, yana sa rai in rijiyar ta samu zai riƙa shayar da maruƙansa. Fulani da Arawa abokan wasa ne, abin da Ba'are ba zai jure daga ɗan'uwansa ba zai haɗiye shi daga bakin Bafillace yana dariya. Ya ce in raka shi, na bi shi wata la'asar.

Ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a ƙofa ya ce: "Ina bawan nan nawa da ya gudu ya bar mini rami? An ce saboda bunsuru kake kuka. Ba'are dai in ba a ba shi nama ba sai ya yi yaji kamar amarya."

Dattijon ya ce: "Shigo, ɓarawon zangarniya. Kai da ba ka taɓa gina ko ramin gyaɗa ba."

Suka yi ta yi har na ga haƙoran tsohon, karo na farko. Can Bafillacen ya sassauta murya ya ce yaran nan ƙanana ne ke shan wahalar, ya faɗi abin da yake so a yi. Dattijon ya ce ba ya son jawabi, ba ya son a durƙusa masa. Dirakta dai ya riƙo igiyar baƙin bunsuru da hannunsa, kowane iri, ko gurgu ne, ya kawo bakin ramin, ya miƙa masa a gaban yaran da suka ga an ƙwace na fari. Ko uffan kada ya ce. Ran nan zai sauka cikin rijiyar.

Na dawo kusan da gudu. Daga barandar dirakta zuwa bakin ramin taku arba'in ne, na sha aunawa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce wannan ba lallashi ba ne, ciniki ne irin na ƙauye. Amma ya ce zai nuna wa tsohon abin da ake kira karamci. Ran kasuwa ya sayi farin rago, ƙosasshe, wanda ya fi bunsurun nan sau uku, ya ba mai gadi ya kai gidan. Na ce masa doguwar baƙi take karɓa, kuma batun na wanda ya riƙe igiya ne. Ya ce rago ya fi bunsuru a kowace ƙasa ta duniya.

Kafin magariba ragon ya dawo, an shayar da shi, an sa masa sabuwar igiya.

Ruwan farko ya zo bayan kwana shida, da rana tsaka, muna cikin aji. Bai yi wani yawa ba. Na biyu ne ya yi aikin. Muka ji wata ƙara mai nauyi kamar an sauke buhuna, ƙasa ta ɗan motsa. Da aka ɗauke muka fita, gaba goma sha huɗu ta koma kwari mai faɗi da ruwan laka a ciki. Mai gadi ya sare ƙaya ya kewaye wurin don kada yaro ya faɗa. Dirakta ya rubuta wa kumandan cewa ƙasar filin ba ta dace da rijiya ba. Ni na kwafe wasiƙar, don rubutuna ya fi nasa kyau.

Alhamis ta gaba muka ci gaba da waƙar. A can jarumin ya koma fagen yaƙi ne bayan an kashe amininsa, sarki kuma ya tashi cikin taro ya ce laifin ba nasa ba ne, alloli ne suka rufe masa ido. Dirakta ya ce wannan jawabi misali ne na dattaku. Sannan ya ba ni aikin gida, in rubuta shafi huɗu a kan dalilin da ya sa manzanni uku suka dawo hannu banza.

Na san amsar, na gan ta a inuwar bedi da idona. Na zauna na rubuta shafi huɗu a kan girman kan jarumi da taurin zuciyar marasa ilimi, da Faransanci mai tsabta. Ya ba ni maki mafi yawa da ya taɓa ba ni, ya sa hannu a takardata, na ci jarrabawa. Shekara biyu na ƙara a garin, kowace safiya ina tsaye a ƙofar aji ina jiran yarana su dawo da tuluna.

Ragon ya zauna ɗaure a bayan gidan dirakta yana cin harawa har Sallar Layya. Ya aiko mini da cinya guda, na ci.