Hasken da Zai Ishi Furihata Shi Kaɗai

Furihata Isao bai iya zama ba. Ko shayi aka miƙa masa, a tsaye yake sha, kamar mai jiran mota. Matarsa Sumie ta daɗe da daina cewa ya zauna.

Mutumin Omachi ne, a gindin duwatsun Nagano. Tun yana saurayi ya shiga aikin haƙa hanya a cikin dutse, irin ramukan da jirgin ƙasa da ruwan dam suke bi, ya yi ta yi har kansa ya yi fari. A tsakiyar shekarun aikin ne wata rana rufin rami ya rufto a bayansa, wuta ta ɗauke, tocilar hularsa ta fashe. An tono shi da ransa, ko karaya babu. Ya ma koma aikin, tunda a rami fitilu a kunne suke dare da rana. Abu ɗaya ya fito da shi daga wurin: ba ya iya kwana cikin duhu. Da an kashe fitila sai ƙirjinsa ya matse, ya ji ƙura a maƙogwaro. Bai kai maganar asibiti ba. Sumie ta ɗinka wa kanta ƙyallen rufe ido, suka ci gaba da zamansu da ƙwan fitila a kunne bisa kai.

Da ya ajiye aiki, gida ya yi masa kaɗan. Ya gyara duk abin da ya lalace, ya koma kwance wanda bai lalace ba. Shi ya sa da aka ce wani masauki can saman dutse yana neman mai gyaran hanya, bai tsaya dogon bincike ba. Aikin ya zo masa daidai. Daga narkewar ƙanƙara zuwa zubar ganye yana ɗaure tsani, yana sauya sarƙar da masu hawa suke riƙewa in ta yi tsatsa, yana jera duwatsu inda ruwa ya cinye hanya. Ya gaji tiɓis, ya kwanta shi kaɗai a rumfar kayan aiki da ke bayan masaukin, fitilarsa a kunne, ba ruwan kowa.

Bana ƙanƙara ta yi nauyi, ta danne rumfar har ƙasa. Katakon sabuwa kuwa sai jirgi mai saukar ungulu ya kawo, sai baɗi. Don haka aka ba shi shimfiɗa a babban ɗaki, inda baƙi suke kwana a jere, kafaɗa da kafaɗa. A ɗakin nan kowa ya san doka ba sai an faɗa masa ba. An ci abinci, an kashe janareta, an yi tsit. Ba a motsa leda ta yi ƙara, ba a haska wa mutum ido. Rabin mutanen tun kafin gari ya waye za su kama hanya mai sarƙa da tsani, wanda bai yi barci ba kuwa ƙafarsa ce take zamewa.

Daren farko ya cusa tsohuwar tocilar aikinsa ƙarƙashin bargo. Tocilar rami ce, an yi ta ne don ta haska bango mai nisa. Ya juya, bargo ya zame, haske ya daki rufi, ɗaki ya koma rana tsaka. Babu wanda ya ce masa uffan, sai juye-juye da gyaran murya. Da safe suka bi layi wajen mai masaukin suka kai ƙara cikin ladabi, irin ladabin da gara zagi da shi.

Mai masaukin mace ce, Momose Kinuyo, ta gaji wurin daga mijinta. Okami-san kowa yake ce mata, kamar yadda ake ce wa duk macen da ke riƙe da masauki. Ta same shi bayan kicin yana wasa gatarin da ba ya bukatar washi.

"Furihata-san, baƙina sun ce jiya rana sau biyu ta fito."

Ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Okami-san."

"Karatu kake yi a ƙarƙashin bargo? A shekarunka?"

"A'a."

"To mene ne?"

Ya ci gaba da goga gatari.

"Shi ke nan, riƙe abinka. Ni dai ba zan tura mutane kan sarƙa da jan ido ba. Sauka gida ka huta. In ka dawo zan gwada ka dare guda. Ko mutum ɗaya ya ce ya ga haske, akwai wanda ke ta roƙona aikin nan tun bara."

Ya sauko a ranar, yana tafe yana shurin tsakuwa. In aikin nan ya kuɓuce, ya san abin da ke jiransa: tsakar gida, da rediyo, da yini mai tsawo.

Washegari ya shiga shagon kayan hawan dutse na Shiozawa, wani mai tumbi da ya daɗe bai hau komai ba sai bene.

"Tocilar goshi nake so."

"Ka zo gidanta. Ga wannan, sabuwa fil, tana haska har ƙetaren kwari."

"Wadda ta fi kowace rashin haske nake so."

Shiozawa ya dube shi ta saman tabarau. "Furihata-san, mutane suna zuwa nan su ce in sayar musu da rana. Kai ka zo neman ƙwaron nan mai wuta a gindi."

"A babban ɗaki nake kwana yanzu."

"Au, to ka ce haka mana. Ja kake so. Jan haske ba ya tashin mai barci, duk masu kwana a masauki shi suke saye."

Ya miƙa masa ɗaya. Isao ya danna. Fari ya fito, ya sake dannawa farin ya ƙaru, ya sake ta kama ƙyafta ido kamar motar asibiti, sannan ja ya zo.

"Kafin in kai ga jan nan ai na tashi ɗaki, har da na ƙasa."

"Kai dai akwai tsirfa. Ungo wannan, da ja take farawa. Shiga ɗakin ajiya ka ja ƙofa ka gani."

Ya shiga, ya ja ƙofa, ya danna. Kwalaye da igiyoyi suka yi jajir. Bai san sadda ya banko ƙofar ya fito ba, zufa a goshi, har ya kai bakin titi kafin ya tsaya. A rami jar fitila magana ɗaya take yi, ajiye komai ka gudu. Jikinsa bai manta ba.

Shiozawa ya biyo shi da takalmin shago. "Lafiya? Ɓera ka gani?"

"Ba na son ja."

"Ai kowa ja yake saye."

"Kowa ya saya."

Mai shagon ya sosa ƙeya. Bai ƙara tambaya ba. Ya koma ciki ya zuba masa ƙananan tociloli a jaka, masu farin haske da masu ruwan ɗorawa. "Je ka gwada a gida. Wadda ta yi maka ka riƙe, sauran ka dawo mini da su. Kada dai ka kwance mini su, na san halinka."

A gida ya tarar da Sumie tana yanka ganyen da za ta jiƙa a gishiri. Ya hau jan allunan katakon da ake rufe tagogi da su in ana iska, har ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Ya shimfiɗa katifu biyu gab da juna.

"Oto-san," ta ce, wato baba, haka take kiransa tun da suka haifi 'yarsu, "me kake so maƙwabta su ce? Tsofaffi sun kulle ɗaki da azahar?"

"Zo ki kwanta. Ke baƙuwa ce."

"Baƙuwa! Daga ina?"

"Daga Nagoya. Gobe za ki hau sarƙa. In kin ga haske ki yi magana."

"In daga Nagoya nake, sai an kawo mini shayi tukuna."

"Ke, kwanta mana."

Ta goge hannu ta kwanta. Ya ja bargo har kansa, ya kunna ta farko.

"Ƙeyarka tana haske."

"Ƙeyata?"

"Wani ɗan kore-kore, wajen batir. Kamar idon kyanwa."

Ya ajiye ta. Ta biyu ta yi kyau da farko, Sumie har ta fara hamma. Can sai tocilar ta mutu da kanta, irin waɗanda aka koya wa tattalin batir ce. Isao ya zabura, ya yi jifa da bargo, gwiwarsa ta sami ƙaurin matar.

"Wayyo! Baƙuwar Nagoya ta karye. Ina mai masaukin nan?"

Ya tashi ya zaga ɗakin, ya buɗe allo ɗaya ya shaƙi iska, ya rufe, ya dawo. Ya gwada wata, ya gwada wata. Ta ƙarshe 'yar mitsitsiya ce mai hasken ruwan ɗorawa. Da ƙaramin haske take farawa, madanninta a nutse yake, ba ta kunna kanta a jaka, ba ta kashe kanta.

"Yaya?"

"Bargonka ya zama fitilar takarda ta ƙofar gidan giya. Saura a rubuta suna a jiki."

Ya yi wurgi da ita kan katifa. Ya zauna ya riƙe kai, abin da bai cika yi ba. Sumie ta ɗauki tocilar tana juyawa.

"Na farko dai, daina ɗaura ta a goshi. Kanka ba ya tsayawa wuri ɗaya ko a barci, duk inda ya juya can za ta haska. Rataya ta a wuya, ta kalli ƙirjinka." Ta ajiye tocilar. "Wai ma, yaya yawan hasken da kake bukata?"

Ba ta taɓa tambayarsa ba. Shi ma bai taɓa tambayar kansa ba.

"In ga hannuna."

"Shi ke nan?"

"A can cikin rami, na sa shi nan gaban fuskata, ban gan shi ba."

Ta tashi ta ɗauko ragowar farar takardar da suke liƙa wa ƙofofin ɗaki, da robar ɗaure gashi. Ta yanka, ta rufe idon tocilar, ta ɗaure. Suka kwanta.

"Ina gani."

Ta ƙara wata takardar.

"Har yanzu, ta wajen wuyanka."

Ta ƙara, ta ƙara. Ya ce hannun ya ɓace. Ta cire ɗaya.

"Yanzu fa?" ya ce daga ƙarƙashin bargo.

"Ka kunna ne?"

"A kunne take."

"Kana ganin hannun?"

"Ina gani."

Ta yi kwance tana kallon duhu da idonta biyu, ba ƙyalle. "Shekara da shekaru ina ɗaure fuska kamar mai ciwon ido. Ashe takardar ƙofa ce maganin. Tsohon banza."

Da yamma dai shi ya ƙarasa yanka ganyen, ya wanke tukwane.

Ya koma sama ranar Asabar, masauki a cike maƙil. Okami-san ta dubi 'yar abar da ke rataye a wuyansa da robar gashin mata.

"Wannan laya ce?"

"Tocila ce."

"To. Shimfiɗarka tana tsakiya."

"Ba jikin bango ba?"

"Bango ba ya kawo ƙara, ta ina zan sani?"

Ta sa shi tsakanin wani dogon mutum da wata tsohuwa mai kaifin ido, wadda tun a wajen cin abinci ta yi wa wani faɗa kan ƙarar leda. Aka kashe janareta. Ya ja bargo, ya danna, ya ɗaga hannu. Ga shi nan, da tabonsa da ƙasar da ke cikin farce. Ya kasa kunne yana jiran gyaran murya, yana jiran a taɓa shi. Ya ce a ransa ba zai runtsa ba, zai tsare bakin bargon har safe.

Da ya buɗe ido gari ya waye, shimfiɗun gefensa an naɗe. Bai san yadda aka kwana ba. Bargon yana kansa, amma wa ya san inda ya je ya dawo?

Ya kasa cin shinkafar safe. Ya share gaban masauki, ya sake sharewa. Ya kwashe itace daga wannan bango ya jera a wancan. Ta taga yana hango tsohuwar nan a tsaye gaban Okami-san, tana magana tana nuna babban ɗaki da sandarta.

Da tsohuwar ta kama hanya, Okami-san ta fito tana goge hannu.

"Furihata-san. An kawo ƙararka."

Ya ajiye itacen a hankali. "Zan haɗa kayana."

"Ta ce ta kwana a masaukai da yawa, ba ta taɓa jin minshari irin naka ba. Wai ta zaci na manta janareta a kunne."

"Haske fa?"

"Wane haske? Na tambaye ta, ta ce ɗakin baƙi ƙirin, shi ya sa ma ta kasa gano bakinka ta toshe shi da safa."

"Ni ba na minshari."

"Bi ta ka faɗa mata, ba ta yi nisa ba. Minshari dai ba ya cikin dokata, da yana ciki da tuni na rufe wurin nan." Ta nuna sama da haɓa. "Masu saukowa sun ce katako ɗaya ya ɓalle a gadar sama. Kada wani ya zurma."

Ya shiga ƙarƙashin bene ya ɗauko guduma da kusoshi, ya saɓa katako a kafaɗa, ya nufi gadar.